Mai Laka, Wanda Ya Ce Gungunmu Yana Tafiya

Ranar Alhamis, 8 ga watan Mayu na 2025, ana haramar sallar Azahar, Munawwara, 'yar yayata, ta kira ni a waya daga Bagudo ta ce Baba ya cika. Ina bakin ruwa a lokacin, ina kallon masu ɗinkin taru. Na ce daga Allah muke kuma gare Shi za mu koma, na sake maimaitawa, sannan na nemi bayan wani jirgi da aka kife na zauna. Malam Bunyaminu, wanda duk yankinmu ya fi sani da Mai Laka, ya rasu yana da shekara saba'in da ɗaya, bayan jinyar kwana tara a gidan 'yarsa.

Ni ne Na'Allah, mai garin Gungun Kanya, tsohon malamin firamare, kuma ƙanin matarsa marigayiya Barira. Ga wanda bai san wajenmu ba, gungu shi ne tsibiri, namu kuwa yana tsakiyar Kwara, dogo ne siriri, tafiyar rabin sa'a daga kansa zuwa wutsiyarsa. Masunta ne mu tun kakanni, da ɗan noman shinkafa idan ruwa ya ja. Mutane da yawa za su yi ta'aziyyarka, Malam, kuma duk za su faɗi alherinka. Ni ina da abin da ya wuce wannan. Akwai laifin da na yi maka a kan kabarin Barira, wanda ban taɓa amsawa a gaban jama'a ba, kuma yau nake so in amsa shi.

Amma bari in fara da yadda ka samo sunanka, don yaran yanzu suna kiran ka Mai Laka ba su san mafari ba. Kana saurayi ka bi jirgin kifi ka gangara kudu, shekara ta 1976. A can wasu malaman jami'a masu binciken ƙasa suna neman wanda ya iya tuƙi kuma ba ya tsoron ruwa, suka same ka. Da farko tuƙa su kawai kake yi. Daga baya suka ga hannunka yana da kyau, suka ba ka aikin kafa bututun ƙarfe a ƙasa da zaro shi, har ka kai ga kai ne mai tsaga shi biyu, kana faɗa wa ɗalibai abin da ke ciki kafin malaminsu ya buɗe baki. Ka dawo gida ka auri yayata, ka tafi da ita, kuka yi shekara ashirin da ɗaya a bakin teku. Ranar da kuka dawo gaba ɗaya, a 2001, duk gungu ya fito bakin ruwa don ganin kayan Ikko. Wasu idan sun dawo daga kurmi, rediyo ne da atamfa da keken ɗinki. Kai abin da ka rungumo da hannu biyu, ka hana kowa taɓawa, wani dogon bututu ne a naɗe cikin buhu. Muka zaci bindiga ce. Da ka kwance, sai ga yashi da baƙar laka a bushe. Barira ta dube mu ta ce kada mu yi mamaki, shekara goma sha biyar ke nan tana share ƙarƙashin gado tana kauce wa abin nan. Kafin la'asar suna ya bi ka.

Ni da nake ƙanin matarka, wasa ya halatta tsakaninmu, kuma ban rage maka ba. Kullum na gan ka sai in tambaye ka ko lakar ta haihu. Ba ka taɓa jin haushi ba. Wata rana dai ka kama hannuna ka zaunar da ni a zaurenka, ka ɗora bututun a kan tabarma, ka ce tunda ni malamin makaranta ne, in karanta. Na ce ban ga rubutu ba. Ka ce akwai, daga ƙasa ake karanta shi zuwa sama.

Abin da ka koya mini ran nan ban manta ko kalma ɗaya ba. Ka ce daga wani tsibiri ka zaro shi, yamma da Ikko, wajen da iyakar nan tamu da Benin take gangarawa ta faɗa teku. Tsibirin dogon tudun yashi ne kawai, teku na dukan gabansa, bayansa kuwa kwantaccen ruwa ne mai itatuwa da saiwoyinsu a waje. A gaban, inda igiyar ruwa ke fashewa, nan kuka kafa bututun. Ka nuna mini saman, farin yashi tsawon kamu huɗu. Ƙarƙashinsa baƙar laka mai santsi, da guntayen saiwa, da ƙananan ƙumba. Ka tambaye ni, a matsayina na ɗan masunta, a ina laka irin wannan take kwanciya. Na ce a ruwan da ba ya motsi. Ka ce to me ya kai ta ƙarƙashin wurin da teku ke hauka dare da rana?

Sai ka ce a da can, wurin bayan tsibirin ne. A zamanin da ba wanda ya san ƙidayarsa sai masu awo, ruwan duniya da yawa ya daskare a ƙasashen sanyi, teku ya ja baya nesa, inda jiragen ruwa ke bi yau busasshiyar ƙasa ce. Da ƙanƙarar ta narke, teku ya taso yana turo yashi a gabansa. Shekaru dubbai da suka wuce tashin ya lafa, igiyar ruwa ta tara yashin ya zama tudu, ruwa ya kwanta a bayansa, laka ta taru, itatuwa suka fito. Amma duk lokacin da babbar iska ta taso, sai teku ya kwashi yashin gaba ya watsa shi ta saman tudun zuwa baya. Gaba na raguwa, baya na ƙaruwa. A haka tsibirin ya yi ta hawa kan lakarsa yana matsowa wajen tudu, har abin da yake bayansa ya koma ƙarƙashin gabansa. Ka ƙara da cewa yashin ma ba a tsaye yake ba, ruwa na jan sa daga yamma zuwa gabas, daga Benin zuwa Nijeriya, kuma ba ka taɓa ganin ɗan kwastan ya tsayar da shi ba. Na yi dariya har da hawaye, na ce wannan yashi ɗan garinmu ne.

Na ji daɗin labarin, amma a matsayin labari na ɗauke shi. Tsibiri mai tafiya, a can bakin teku, a ƙasar wasu. Ko kusa ban kawo a raina cewa da mu kake ba.

Shekarun da suka biyo baya ka zame mana ruwan sha. Duk wanda zai haƙa rijiya, daga nan har ƙauyukan Lafagu, sai ya aiko a ɗauke ka. Ka zo ka murza ƙasa a yatsa, wani lokaci har ka ɗanɗana, ka ce a matsa gabas taki goma. Ba ka taɓa karɓar ko goro ba. Ina tuna Rahmatu mai bandar kifi, da mijinta ya rasu ta tara abin da za ta gina ɗaki ɗaya. Har an ja layi an fara tono, ka biyo ta wurin, ka leƙa ramin, ka ce a dakata. Ka ce nan tsohuwar hanyar ruwa ce da ta cike, bango ba zai yi damina biyu ba. Rahmatu ta fashe da kuka, don ba ta da wani fili. Sai ka je ka yanki gefen filinka ka ba ta, ka kuma tsaya a kan maginan har aka rufa. Ɗakin yana nan har yau, jikokinta ke kwana ciki. Wanda ya zo bayanta ya yi gini a wancan wurin, bangonsa ya tsage tun kafin a yi daɓe.

Barira ta rasu a 2009. Muka kai ta inda muke kai kowa, kan gungu, gindin babbar kanyar da garin ya ci sunanta. Kakanmu da ya kafa garin shi ya zaɓi wurin, shi aka fara sa wa a can, domin nan ne mafi tudu a duk gungun. Itace yana mana wuya, saboda haka da fasassun tukwane muke rufe cikin kabari kafin a tura ƙasa. Ran nan kai da kanka ka shiga ɗaki ka ɗauko randar da ta zo da ita daga bakin teku, wata ja mai zanen ƙayar kifi a wuya, wadda babu irinta a garin. Ka ce da ita za a rufe ta. Ka fasa ta da hannunka, ka miƙa mini gutsattsarin ɗaya bayan ɗaya ina cikin ramin.

Mu mutanen ruwa muna da yadda muke auna ambaliya. Jikin kanyar muke dubawa. Kowace shekara idan ruwa ya kai iyakarsa, sai a sa wuƙa a yi tsaga a inda ya tsaya a jikin saiwoyinta da suka bi gangare. Akwai tsagar zamanin kakana, akwai ta zamanin babana. Babu wadda ta kai ga kaburbura. Ko a babban ruwan 2012, da ya shiga gidaje ya kashe shinkafa, maƙabarta ta tsaya a bushe, muka yi ta godiya ga Allah muna yabon hangen kakanmu.

Kai kuwa da ruwan ya ja, sai aka gan ka da igiya mai ƙulle-ƙulle da turaka. Ka kafa turke a bakin gaɓa, ka ja igiya har kan kabarin Barira, wanda yake cikin layin da ya fi kusa da ruwa. Taki sittin da biyu. Shekara ta zagayo, ka koma, turken farko babu shi, ruwa ya tafi da shi da ƙasar da yake kai. Ka kafa wani. Haka ka yi ta yi kowace shekara, ba ka ce wa kowa komai ba, mu kuma muka ce Mai Laka ya sami sabon wasa. Sai a 2017 ka zo zaurena da safe, ka zauna a ƙasa kamar mai kawo ƙara, alhali kai ne babba. Ka ce saura taki talatin da huɗu. Ka ce gungunmu ma tafiya yake yi, kamar wancan na teku. Kwara na cin kansa tana zubarwa a wutsiyarsa. Ka roƙe ni in tara dattawa a daina kai gawa can, a kuma kwashe waɗanda ke kwance a mayar da su tudu, ƙetaren ruwa.

Na ce maka ruwa bai taɓa hawa wurin ba. Amsar da ka ba ni har yanzu tana kunnena.

“Na'Allah, ku kuna duban inda ruwa ka hawa. Ni ina duban inda shika ci. Ba ta bisa za shi zo ba, ta ƙasa shika tono.”

Na tara dattawan, don kada a ce na ƙi. Liman Zayyanu ya yi magana ta ilimi, ya ce idan ruwa na barazana ga kabari, addini bai hana a ɗauke mamaci da mutunci a sake masa wuri ba. Ka ga ke nan ba ni da mafaka a wajen addini. Abin da ya hana ni, girman kai ne da tsoro. Ina tsoron a ce a zamanin Na'Allah aka tone kakanni. Ina jin haushin a ce wanda ya yi shekara ashirin da biyar a ƙasar wasu shi zai koya mana halin ruwanmu. Da ka ce to ko ba a taɓa na kowa ba, a bar ka ka ɗauke matarka, sai na hau dokin zuciya. A gaban dattawa, a gaban liman, na nuna ka da yatsa.

“Yayata ta tun kahin ta zan matakka. Ina raye ba mai taɓa kushewatta.”

Ka dube ni, ka sunkuyar da kai, ka ce Allah Ya ba mu alheri. Washegari da hantsi na tafi kan gungu ni kaɗai, na tuge turakanka guda biyu na jefa a ruwa. Wannan ba wanda ya sani sai kai, don ka ga sawuna. Ba ka taɓa tayar da maganar ba. Ka sassaƙa wasu ka kafa, ka ci gaba da awonka. Kowace shekara bayan ruwa ya ja, sai ka zo ka gaishe ni, mu yi hirar kifi da ta shinkafa, idan za ka tashi ka faɗi lamba ɗaya kawai kamar mai faɗin farashin gero. Ashirin da takwas. Ashirin da ɗaya. Ni kuma in yi kamar ban ji ba. Da ka faɗi ashirin da ɗayan nan, a ƙarshen 2019, ka ƙara da cewa a lissafinka muna da shekara uku. Na ji sanyi a raina, na ce a cikin shekara uku ai ruwa na iya sauya hanya.

Ruwan 2020 bai jira lissafin kowa ba. Wata ranar Asabar cikin Satumba, mun idar da Azahar ke nan, muka ji wata ƙara daga kan gungu kamar an kayar da katanga. Muka ruga. Muna isa muka tarar gaɓar tana zubewa gaɓa-gaɓa, kowane yanki ya kai girman ɗaki. Ruwan ko kusa da saman tudun bai kai ba, yana can ƙasa, kamar tsawon mutum biyu, yana tono. Muna tsaye muna salati kanyar ta karkata, ta yi kamar za ta tsaya, sannan ta kwanta cikin Kwara da saiwoyinta a sama, da duk tsagogin kakanninmu a jikinta. Kafin la'asar kabari goma sha tara sun tafi. Na kakanmu yana ciki. Na Barira yana ciki.

Kana gefena a tsaye, igiyarka a hannu. Na jira ka juyo ka faɗa mini abin da na cancanta, wallahi da ka mare ni a wurin da na ji sauƙi. Sai ka dafa kafaɗata.

“Na yi kure, Na'Allah. Nic ce shekara ukku, ashe wata goma muka da. Da na auna daidai, da na matsa maka.”

Ka ji fa. Ni na hana, ni na tuge turaka, amma kai kake neman laifinka. Na juya na tafi gida, na shiga ɗaki na yi kukan da ban yi ba ranar da Barira ta rasu.

Da rani ya shigo ni na tara jama'a, ba wanda ya yi musu. Kai ka zaɓi sabon wuri a tudu, ƙetaren ruwa, gefen hanyar Lafagu. Ka sa aka tona rami uku kafin ka yarda, sai da ka ga jar marmara, ka ce wannan tun kafin a yi Kwara take nan. Kwana goma sha ɗaya muna aiki. Liman Zayyanu na gaba, kowane mamaci da sabon likkafani, a sa shi a jirgi a ƙetare da shi ana addu'a. Mutum arba'in da shida muka ƙetarar. Kai ne ka fi kowa aiki, kana ɗaukar iyayen wasu da matan wasu a kafaɗarka, taka matar babu ita. Duk wanda ya dube ka ran nan sai ya dube ni, ko kuwa ni ne nake ganin haka.

Daga nan na fara gudun ka. Shekara biyu da rabi, a gungun da ba shi da faɗin da za a ɓuya. Idan na hango ka ta hanyar masallaci sai in bi ta bayan bandar Rahmatu. Idan ka zo zaurena in sa a ce na ƙetare. A sahu ma sai in nemi ƙarshen da ba ka. Mutane suka zaci fushi nake yi da kai, alhali kunya ce ta hana ni haɗa ido da kai. Ina dai jin labarinka, wai Mai Laka ya bar kan gungu, yanzu kullum bayan la'asar yana wutsiya, wajen sabon yashin da ke fitowa, da rariya a hannu yana tankaɗe. Na ce a raina tsufa ya fara taɓa shi, kuma ni ne sanadi.

Cikin watan Afrilu na 2023 ka ritsa ni a bakin ruwa ina wanke ƙafa, babu ta inda zan bi. Ka ce in shiga jirgi. Na shiga kamar wanda za a kai wa alƙali. Ka tuƙa mu har wutsiya. Rabona da wurin tun kafin ambaliyar, sai na ga ƙasa sabuwa fil, ta kai girman filin ƙwallo biyu, har ciyawa ta fara kama ta. Ka durƙusa ka tona da hannu kamar kamu ɗaya, ka nuna mini gefen ramin. Farin yashi a sama, farin yashi a ƙasa, a tsakaninsu wani siririn layi na jar ƙasa mai duhu. Ka ce in karanta. Wannan karon na iya. A duk gungun wuri ɗaya ne ke da ƙasa mai wannan launi, kuma na sha tona ta da hannuna.

Sai ka sa hannu a aljihu ka fito da wani abu a ƙulle cikin ƙyalle. Guntun tukunya ne, bai kai tafin hannu ba, ruwa ya goge bakinsa. Ja ne, da zanen ƙayar kifi. Ka ce rani uku kana tankaɗe kafin ka same shi. Ka ce ba za ka rantse ba, don kai mai awo ne, amma ba ka san wata randa mai wannan zane da ta taɓa shigowa garin nan ba.

“Ruwa bai yad da komi, ƙanena. Abin da yaɗ ɗauka can kai, nan shika aje shi. Yayakka ba ta bar gungu ba. Nan nika zowa in gaishe ta.”

Na zauna a kan yashin nan, tsofai-tsofai da ni, na riƙe guntun randar ina kuka. Na ce ka yafe mini. Ka ce ka yafe tun ranar da na tuge turakan, don ka san wanda ya tuge su yayarsa yake karewa, bai dai san ta inda abin zai zo ba. Sannan ka ce in tashi, mai gari ba ya zama a ƙasa, kuma har yanzu ban ba ka amsa ba ko lakar ta haihu. Muka yi wa Barira addu'a tare, da sauran sha takwas ɗin, muka koma gida ni ke tuƙi.

Shekara biyun da suka rage mana, kusan kullum muna tare a can bayan la'asar. Ka koya mini riƙon igiya da yadda ake ƙulla ta, ka sa na kafa turke da hannuna tsakanin gaɓa da masallaci. Ban san kana miƙa mini aikin ba ne. Da ciwon ya kama ka, ɗanka Mutawakkil ya zo ya ɗauke ka zuwa Bagudo wajen ƙanwarsa don kusa da asibiti. Na je duba ka ranar Litinin, kana ta tambayata ko ruwa ya gama ja, ko na auna. Na ce sai ka dawo mu auna tare. Ka yi murmushi.

Da na ajiye wayar Munawwara ranar Alhamis, aka ce za a kawo ka sabuwar maƙabarta bayan la'asar, kamar yadda ka yi wasiyya. Jama'a suka fara shiga jirage suna ƙetarewa. Ni na ce su yi gaba. Na ɗauki ƙaramin jirgi na gangara wutsiya, na durƙusa a inda muke zama, na tona har na kai ga jan layin nan, na cika hulata.

Masu haƙa sun sha wuya da marmararka, Malam, har diga ɗaya ta karye, suna ta cewa Mai Laka ya zaɓi wurin da zai gwada su. An yi maka salla, sahu ya kai har bakin hanya, da mutanen Lafagu da na Kurgu da waɗanda suka zo daga ƙetaren iyaka, kowa da rijiyar da yake tunawa. Da aka sa ka, aka rufe, aka ce kowa ya zuba nasa, na matso kaina babu hula. Na zuba maka ƙasa sau uku kamar kowa, amma tawa daga wutsiyar gungu ta fito. Ni na raba ku, kuma iyakar abin da hannuna ya iya mayarwa ke nan.

Ya Allah, ga bawanKa Bunyaminu ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata kabarinsa Ka haskaka shi. Ka sa kowace rijiya da ya nuna ta zame masa sadaka mai gudana, Ka saka masa da haƙurin da ya yi da ni. Ka ji ƙan Barira da waɗanda ruwa ya ɗauka tare da ita, Kai ne Ka san inda kowane ƙashi yake, kuma Kai ne mai tara su. Ka haɗa shi da ita a Aljannar Firdausi, inda babu gaɓar da ke zubewa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yansa, Mutawakkil da Munawwara, da jikokinsa, da Liman Zayyanu abokin zamansa, da dukan mutanen Gungun Kanya da na tudu. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa, Ya sa mu cika da imani idan tamu ta zo. Munawwara, guntun randar mahaifiyarki yana aljihun rigar da ya kwanta jinya da ita, ki adana shi. Bututun kuwa na roƙi Mutawakkil ya bar mini, zan kai shi makarantarmu.

Jiya na auna, Malam. Daga gaɓa zuwa bangon masallaci saura taki hamsin da bakwai. Na faɗa wa jama'a bayan sallar Juma'a, kuma wannan karon mai gari ne da kansa ya tashi ya faɗa.